Kunnuwan Jitar da Na Sa Baibai

Jiya na ji jita a rediyo, sai na tuna marigayi Baba, mai gyaran agogo a kasuwar Ƙanƙara.

Zamanin da kuɗin man fetur suka shigo, yayana ya kawo tsohuwar jita mai lantarki. Kunnuwanta na jan tsirkiya duk sun cinye, ya ba ni sababbi in sa kafin bikin ƙanwarmu. Ashe baibai na sa su. In na murɗa, tsirkiya ta saki. Na kai wa Baba jitar, na ce na ɓata biki.

Ya yi dariya, haƙoransa jajur da goro. "Mi ya ɓaci? Murɗa baya mana, ɗana!"

Na murɗa, tsirkiya ta miƙe ta yi amo.

Allah ya sauƙaƙa masa kwanciyar kabari, yadda ya sauƙaƙa mini ranar nan.