Robar Lemon da Na Zuba wa Fetur

Wata biyu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko layi na canza, a'a. Jinyar 'yata Ummi muka yi.

Shekararta biyu, kuma duk abin da hannunta ya kai, sai bakinta ya kai.

Noman rani nake yi a Bebeji. Fetur ɗin injin ban ruwa a robar lemo nake sayo shi, kamar kowa. Ran nan na dawo daga gona, na ajiye robar a gindin bangon zaure, na tafi alwala.

Tarinta na fara ji. Na tarar da ita da robar a hannu, gaban rigarta sharkaf.

Inna, mahaifiyata, ta ce, "Maza a kawo manja!" Aka ɗura mata. Ni kuma na sa mata yatsa a maƙogwaro har ta yi amai. Muka ce alhamdu lillahi, ya fita.

Kafin la'asar jikinta ya ɗau zafi, numfashi na fita da ƙyar. Muka nufi asibiti.

Aka sa mata robar iska a hanci, aka ɗaura ruwa, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce, "Malam, kun sa ta amai?" Na amsa da ƙarfina, har ina jiran yabo.

Ya ce, "Ai aman ne ya kai fetur ɗin huhunta. Da kun kawo ta yadda take, da abin ya zo da sauƙi."

Ban gaya wa Inna ba. Manjan nata ne, amma yatsan nawa ne, robar ma tawa.

Kwana tara muka yi. Allura safe da yamma, awon zafin jiki, jiran zagayen likita. Masarar da na ajiye ta tafi a magani. Tsoro kam na ji, musamman rana ta uku da leɓɓanta suka canza launi. Mamanta, Hauwa, ta kalle ni.

Rana ta bakwai aka cire robar hancin. Ta nemi kunu.

Ranar sallama wata nas ta ce, "Baban Ummi, in ka koma gida ka yi rarrafe, ka ga abin da take gani."

Na yi, da gemuna. Na ga maganin ɓera bayan randa, maganin feshi ƙarƙashin gado, ƙwayoyin hawan jinin Inna a bakin katifa, rijiya ba murfi. Duk na san da su, ban taɓa ganin su daga ƙasa ba.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan asibitin da duk wanda ya yi mana addu'a.

Don Allah kada ku zuba fetur, kananzir ko maganin feshi a robar abin sha. Ku kai su sama, ku kulle. In yaro ya sha, ba manja, ba nono, ba yatsa. Ku ɗauke shi da robar, ku tafi asibiti.

Jiya Ummi ta tsinci wata roba a tsakar gida, ta kai baki kafin in ƙaraso. Ruwa ne a ciki.