Kwale-kwalen Baba Saleh na Katuzu

Nguru

Na fito daga gida bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Tun da na yi ritaya daga aikin asibiti nake sha'awar ƙaramin kwale-kwale mai cin mutum ɗaya, in riƙa shiga tafkin Nguru da yamma. Sai aka ce akwai wani na hannu a Katuzu, gefen Gashua, mai shi zai sayar.

Matata Falmata ta rako ni bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, mutumin da bai iya iyo ba, shi ne zai sayi jirgi?"

Na ce ai dalilin jirgin ke nan.

A tasha na samu motar Golf, aka cusa mu biyu a gaba. Gwiwata ce ta taya direba canja giya har muka bar gari.

Jajimaji

A shingen jami'an tsaro wani ya leƙo ya tambayi inda za ni. Na ce sayen jirgi. Ya ce, "Na sama ko na ƙasa?" Na ce na ruwa. Ya yi dariya, ya ce mu wuce. Muka tsaya shan shayi da burodi, direba ya yi mini nasiha cewa in rabu da jirgi, in sayi motar nan tasa. Da muka tashi sai da muka tura ta.

Gashua da Katuzu

Da hantsi muka shiga Gashua. Ɗan acaɓa ya kai ni Katuzu, har bakin kogi, inda Adamu yake jirana. Shi ne babban ɗan mai jirgin, da shi muka yi waya. Mahaifinsa Baba Saleh, tsohon masunci ne Babade, yana zaune a kan jirgin da aka kife, ya ba mu baya.

Adamu ya ja ni gefe. Ya ce jiri ya taɓa kwashe tsohon a tsakiyar ruwa, da ƙyar aka ciro shi, shi ya sa suka yanke a sayar.

Aka juya jirgin. Adamu ya ce, "Alhaji, dubi katako. Ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba."

Baba Saleh ya ce, "Yana karkata hagu."

"Baba!"

"Kuma ba ya son baƙo. Ga nauyi. Idan ya shiga ciyawar kacalla, sai ka kwana a ciki."

Na sha zuwa ciniki a rayuwata, amma ban taɓa ganin mai kaya yana rage wa kayansa daraja da irin wannan himma ba.

Na cire takalmi na shiga, Adamu yana riƙe da igiya. Tsohon ya miƙo mini filafilin tuƙi kamar ana cire masa haƙori. Jirgin kuwa, wallahi, ko ni da ban iya ba sai da ya bi ni. Bai karkata ba, ɗigon ruwa bai shigo ba. Na ga kaina a tafkin Nguru, rana tana faɗuwa. Kuɗin da Adamu ya faɗa ma bai fi ƙarfina ba.

Da na juyo sai na hangi Baba Saleh. Ya shigo ruwa har gwiwa da wandonsa, ya kafa wa jirgin ido, ba ya ko ƙiftawa.

Na fito na ce, "Adamu, ka yi haƙuri. Yana yoyo."

Ya leƙa ciki, ya shafa ƙasan jirgin, ya nuna mini tafin hannunsa a bushe. Na ce daga baya yake yi. Ya ce, "Alhaji, ka san abin da ka yi kuwa? In ya sake faɗawa fa?" Na ce dai su riƙa bin sa a wani jirgin. Ya yi tsaki ya tafi.

Komawa

Baba Saleh ya rako ni har inda 'yan acaɓa suke tsayawa, da bandar tarwaɗa a ƙunshe cikin takardar siminti. Ya danƙa mini, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Na ɗauka godiya zai yi.

Ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Jirgina ba ya yoyo."

Na ce, "Na sani, Baba."

"To kada ka je Nguru kana ɓata masa suna."

Na yi masa alkawari.

Na yi azahar a Gashua, na ci shinkafa da wake a tasha, na iso gida kafin magariba. Maganar Adamu ba ta bar ni ba a hanya, har yau ma ban tabbata na kyauta ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen Katuzu. Ga masu karatu kuma, ina shaida muku jirgin Baba Saleh ba ya yoyo, kuma ba na sayarwa ba ne.