Hancin Malam Zakariyya

Shekara ashirin da shida Malam Zakariyya yana jimar fatu a wani kamfani a Challawa, amma bai taɓa yarda aikin yana da wari ba. Kullum ya koma gida Panshekara, matarsa Maimuna takan tare shi da bokitin wanka tun daga zaure, shi kuwa ya ce tsabar iyayi ne.

Da korona ta kwantar da shi a asibiti, numfashi ya yi wuya, hancin ma ya daina jin komai. Likita ta ɗora shi kan maganin kashe ƙwayar cutar. Zazzaɓi ya sauka, ƙirji ya buɗe, amma Malam ya dage bai ga wani sauƙi ba.

Ranar sallama, abokin aikinsa Ishaku ya zo ɗaukarsa a babur, kai tsaye daga kamfani. Malam na hawa ya toshe hanci.

"Ishaku, mushe ka taka?"

"Rigar aikinmu ce, Malam."

Suka isa gida. A zaure Malam ya dubi Maimuna ya ce, "Ashe haƙuri kike yi."

Ta ce, "Alhamdulillahi, magani ya yi aiki."