Taken Gidanmu a Hannun Wani Tsoho Ɗan Japan

Akwai wata Asabar da na tabbata ko tsufa ya cinye mini tunani, ita ba za ta fita daga kaina ba. A lokacin ina shekarata ta uku a Manchester, ina karatun digirin digirgir. Mu huɗu ne 'yan Arewa a wani ɗan gida a Levenshulme. Ranakun aiki in hau bas zuwa Oxford Road, in wuni a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, ƙarshen mako kuma in tuƙa motar kwasar kaya ta wani ƙaramin kamfani. Ga mutane a gida, ga mutane a jami'a, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na shekarun nan ba.

Akwai abin da nake ɓoyewa. Mahaifina makaɗi ne. Kalangu yake kaɗa wa mahauta a kasuwar garinmu, kamar yadda ubansa ya yi. Abokan zamana kuwa, wannan ɗan alƙali, wancan ɗan babban malami. Ranar da aka tambaye ni sana'ar Baba, sai na ce harkar nama yake yi. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, amma ni na san abin da na yi. Kowace Juma'a Baba yakan aiko mini da saƙon murya ta wayar ƙanwata. Zai gaishe ni, ya yi mini addu'a, sannan ya kaɗa mini taken gidanmu, wanda kalangu ke kiran sunayen kakanninmu a ciki. Sai na kulle ɗaki na rage murya nake saurare. In na tashi amsawa, in tambayi lafiyarsa, in ba shi labarin sanyi, ban taɓa cewa uffan a kan kiɗan ba.

A safiyar wannan Asabar mai kamfani ya ce in ɗauki wasu makaɗa 'yan Japan daga masaukinsu in kai su Birmingham, suna da wasa da rana. Su uku na tarar: wani siririn tsoho da ya ɗaure furfurarsa ta baya, wata mata mai jita wadda ita kaɗai ke ɗan jin Turanci, da wani mai fiyano da har muka rabu ban ji muryarsa ba. Tsohon ya zauna kusa da ni, matar a gefensa.

Muna hawa babban titi suka nemi in bari su sa kiɗansu, suna son su sake jin wani wuri da za su gyara. Da abin ya tashi, wallahi na ɗauka lasifikar motar ce ta lalace. Jita na kuka kamar ana zarto, ganguna na gudu, sai komai ya tsaya cak, sai wata murya ta ƙwalla ƙara, sai a sake ɓarkewa ta wata hanyar daban. Da zarar ƙafarka ta kama inda za ta taka, sai su janye wurin. Na kasa haƙuri na tambayi matar wane irin kiɗa ne wannan.

Ta yi dariya ta ce, "Rock ne, irin wanda ake ce wa prog, amma namu ya fi na kowa bauɗewa. Ko a Japan masu saurarenmu ba su da yawa. Mahaifiyata cewa take kamar kwanuka ne ke zubowa daga kanta."

Ban san lokacin da yatsuna suka fara bin gangar a kan sitiyari ba. A ƙarƙashin duk wannan hayaniya akwai lissafi, kuma hannun da ya tashi a gidan kiɗa ba ya iya jin lissafi ya yi shiru. Tsohon, wanda ashe shi ne mai gangunan, ya zuba wa hannuna ido. Can ya yi wa matar magana da yarensu, ta juyo ta ce, "Yana tambaya, wa ya koya maka?"

Ina so in ce jarumta ce ta sa na amsa, amma ba ita ba ce. Tunani na yi cewa waɗannan mutane daga yau ba zan sake ganinsu ba, kuma ba su san kowa nawa ba. Na ce, "Babana makaɗi ne." Karo na farko ke nan da wannan magana ta fita daga bakina a ƙasar Ingila.

Da ta fassara masa, sai tsohon ya cire hularsa ya sunkuyar da kai, kamar na ce masa ubana sarki ne. Da muka tsaya shan shayi a hanya, ya roƙi ya ji. Na kunna masa saƙon Juma'ar da ta wuce a lasifikar mota. Muryar Baba ta cika motar, ga hayaniyar kasuwa a bayansa, ga kalangun. Tsohon ya sa na maimaita har sau huɗu, ido a rufe, yana buga gwiwarsa. Na yi musu bayanin cewa a hammata ake matse gangar, muryarta ta hau ta sauka kamar maganar mutum, kuma sunaye take kira. Ya daɗe yana jinjina kai.

Da muka shiga Birmingham mun biya ta unguwar Handsworth muka ɗauki gangunan da suka yi haya, sannan muka isa wurin wasan, wani ɗaki a ƙarƙashin wani shago, mai warin danshi. Na taya su sauke kaya, na koma mota na yi sallah, na sauko na tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu. Masu kallo ba su kai ashirin ba, yawancinsu dattawan Turawa masu gemu. Mutanen nan sun ƙetaro duniya don su yi wa wannan ɗan taro wasa, kuma suka yi shi kamar filin ƙwallo ne ya cika. Tsohon ya jiƙe sharkaf da gumi.

Wajen ƙarshe, ana tsakiyar wata ɓarkewa, sai jita da fiyano suka ɗauke. Tsohon ya ajiye sanda ɗaya, ya danna fatar ƙaramar ganga da gwiwar hannunsa don muryarta ta canza, ya fara kaɗawa a hankali. Taken gidanmu ne. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Turawan suna ta gyaɗa kai, a zatonsu wani sabon salo ne daga Japan. A duk ɗakin nan ni kaɗai na san ana kiran kakannina ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda zan taɓa in ce masa, "Ka ji?" Na ciro waya na ɗauki abin da ya rage. Na juya fuskata ga bango don kada a ga hawayena.

Bayan wasa na kai su wani masauki kusa da filin jirgin Birmingham. Tsohon ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, sannan muka rabu. Na komo Manchester ni kaɗai da mota wayam, ana yayyafi. A gida na tarar ana kallon ƙwallo. Ɗaya daga cikin abokan zamana ya ce, "Malam, ina ka shiga yau?" Na ce, "Kwasar kaya." Na haye sama na tura wa ƙanwata abin da na ɗauka, na ce ta kunna wa Baba.

Kwana biyu shiru. Na fara tsoron ko ya ɗauka wasa aka yi da sana'arsa. Ranar Litinin ina lab saƙo ya shigo, na fita baranda na kara wayar a kunne.

"Ɗan boko, na ji," in ji Baba. "Wannan mutumin yana da hannu. Sai dai yana gaggawa a ƙarshe, ya haɗiye sunan kakanka. Ka ce masa ya riƙa jinkirtawa." Ya yi dariya har da tari. Ina jin kukan awaki a bayansa. Sannan ya ce, "Ashe ka faɗa musu sana'ata. Ni na ɗauka har in koma ga Allah ba za ka faɗa ba. To, Allah ya yi maka albarka."

Na zauna a kan matakala. Ashe duk shekarun nan ya sani. Yana ji ina tsallake kiɗan a kowace amsa, bai taɓa yi mini ƙorafi ba, bai kuma fasa kaɗawa ba.

Saƙonsa bai isa ga tsohon ba, don ban karɓi lambar kowa ba. Abokan zamana kuwa sai da na ƙara wata guda kafin na iya faɗa musu. Ɗaya ya ce, "Haba, shi ne kake ta ɓoyewa?" Ɗaya ya ɗan canza mini fuska, kuma ban mutu ba. Baba ya rasu kafin in kammala karatu, Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya shi ne, yawancin kaɗaicin da nake ɗora wa Ingila ni na jawo wa kaina, domin wanda ya ɓoye asalinsa ko a cikin 'yan'uwansa baƙo ne. Na kuma gane cewa iyayen da muke jin kunyarsu suna gani sarai. Shirun da suke yi ba rashin sani ba ne, sauƙi suke yi mana. Duk wanda nasa ke raye, kada ya jira sai baƙo ya girmama su kafin ya san darajarsu.