Motar Surukin Katung

Katung bakanike ne a wani garejin manyan motocin bas da ke bayan unguwar Woolwich a Landan. Mutumin Kagoro ne, a Kafanchan ya koyi aiki a hannun wani kawunsa mai gyaran motocin haya. Daga nan ya yi karatun injin mota a Kaduna, sannan wani yayansa da ke Landan ya jawo shi. Ya zo yana saurayi, yanzu furfura ta fara fito masa a gefen kai. Ba mai yawan magana ba ne. A wurin aiki an san idan ka tambaye shi abin da ke damun mota, sai ya kunna ta ya saurara tukuna kafin ya buɗe baki.

A coci ya haɗu da matarsa, Lissy. Nas ce a asibiti, 'yar jihar Kerala ta kudancin Indiya. Dukansu 'yan Katolika ne, kuma dukansu sujadar farko ta safiyar Lahadi suke zuwa, saboda aiki na jiransu da rana. Sun daɗe suna tsayawa tare a tashar bas bayan an tashi, tun ana gaisuwa kawai har aka fara hira. Da suka yi aure suka kama haya a Abbey Wood, suka haifi yara biyu, Zion da ƙanwarsa Sharon. A gidan ana cin tuwon acca, ana kuma cin shinkafa da miyar kifi mai kwakwa. Yaran suna jin Hausa, suna jin Malayalam, yaren mahaifiyarsu, amma da Turanci suke amsa wa kowa.

Mahaifin Lissy, Kurian, manomin roba ne a wani ƙauye na kan tudu. Bai zo bikin ba. Bai hana auren ba, bai kuma sa masa albarka ba. Abin da ya ce kawai shi ne 'yarsa ta girma, ta san abin da take yi. Kowace Lahadi da yamma Lissy takan kira gida ta bidiyo. Mahaifiyarta, Mariamma, takan yi ta hira da jikokinta, har ta tambayi Katung ko ya ci abinci. Idan aka miƙa wa tsohon waya kuwa, Katung ya leƙo ya ce, "Appachan, ina wuni?" da Turanci, domin Appachan Lissy ke kiran mahaifinta, sai tsohon ya ce lafiya, ya nemi a ba shi Zion. Shekaru aka yi a haka. Lissy ta kai yaran Kerala, Katung bai bi su ba. Babu wanda ya ce kada ya je, babu kuma wanda ya ce ya zo.

Sai aka yi wa Mariamma aikin gwiwa. Bayan an sallame ta, dole a riƙa sauko da ita gari a kai a kai don gashin ƙashi. Motar Kurian tsohuwar jif ce ta gona, doguwa, sai an taka ƙarfe an yi tsalle ake shiga. Duk ranar asibiti sai maƙwabta biyu sun ɗaga Mariamma sun saka ta, ita kuma abin yana ba ta kunya har ta fara cewa ta warke don kada a kai ta. Kurian ya yanke shawarar sayen sabuwar mota. Akwai wata matsakaiciyar jif ta iyali da kamfaninta ya yi wa kwaskwarima. Ta riga ta fito a Ingila, a Indiya kuma ana karɓar sunayen masu so, amma ba a kawo ta shagon garinsu ba tukuna.

Lissy ce ta kawo saƙon, suna cin abinci.

"Appachan ya ce wai ko wani zai je ya duba masa motar nan."

"Wani?" in ji Katung.

"Haka ya ce. Wani da ya san mota."

Katung ya ci gaba da cin abincinsa. Da ya gama ya wanke hannu, ya ɗauki waya ya nemi shagon sayar da motar mafi kusa.

Tunanin da ya tsaya masa shi ne, shi lafiyarsa ƙalau, shigarsa mota ba za ta nuna komai ba. Akwai wata dattijuwa a cocinsu, Mama Scholastica, mutuniyar Pankshin, wadda ciwon gwiwa ya sa take tafiya da sanda. Ya je har gidanta a Thamesmead ya gaishe ta.

"Mama, na yi booking ɗin test drive, wato gwajin mota, ranar Asabar. Ina so ki raka ni."

"Ni? Ɗana, ni da ko keke ban iya ba?"

"Ba tuƙi za ki yi ba, Mama. Shiga za ki yi ki fita. Tsawonku ɗaya da surukata, ciwonku ma kusan ɗaya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tunda aka haife ta ba a taɓa neman ta aiki saboda gwiwarta ba. Ranar Asabar ta fito da atamfa sabuwa da ɗaurin kai kamar mai zuwa biki.

Mai sayar da motar, wani matashi mai ƙwat, ya fara jero musu abubuwan da aka sabunta: fitilun gaba, fuskar motar, babban allo a gaban direba, rufin gilashi. Katung ya saurara har ya gama, sannan ya roƙi izinin ɗaukar bidiyo. Lissy ta riƙe waya. Ya buɗe ƙofar baya ya ce Mama ta shiga yadda ta saba. Ta juya baya, ta zauna a gefen kujera, ta kama mariƙin da ke sama, ta jawo ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya taɓa ta.

"Yaya, Mama?"

"Shiga ba wuya. Ba sai na hau ba, ba sai na durƙusa ba. Amma ƙofar nan da za ta ƙara buɗewa kaɗan, da na fi so. Sai na karkata ƙafa."

Ta fita, ta sake shiga ta ɗaya gefen. Katung ya naɗe abin dogarawar da suka aro daga coci ya saka a but, ya shiga har da sauran wuri. Ya durƙusa ya nuna tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa. Ya kunna esi ya sa hannu a bakin iskar da ke baya. Da suka hau titi, da gangan ya bi layukan da hukumar unguwa ta cika da tudun rage gudu, yana tambayar Mama ko tana jin jijjiga a ƙugu. Ta ce kaɗan.

Bai iya daɗin baki ba, don haka abin da ya gani shi ya faɗa. Ya ce shokozoba ta yi laushi, kujerar baya ta fi ta tsohon samfurin faɗi. Ya ce an cire maɓallan esi an mai da su cikin allo, wanda hakan na nufin sai direba ya ɗauke ido daga hanya kafin ya rage sanyi. Ya ce tayoyin manya ne amma robarsu siririya ce, rami ɗaya zai iya fasa su. Ya ɗaga shimfiɗar but ya nuna babu safaya, sai wata 'yar kwalbar liƙi. A ƙarshe ya kalli wayar ya ce, "Appachan, don Mama Mariamma motar ta yi. Amma mota marar safaya, ni ba zan hau tudu da ita ba."

Lissy ta tura bidiyon. Washegari Lahadi, tun kafin lokacin da aka saba kira ya yi, wayarta ta yi ƙara. Mahaifinta ne. Bai nemi Zion ba. Ya ce a ba shi Katung.

"Na kalli abin naka," in ji tsohon. "Akwai kuskure."

"To, Appachan."

"Wadda za a sayar mana a nan tana da safaya, a ƙarƙashi take. Na tambaya. Kuma akwai mai ƙananan tayoyi masu kaurin roba. Ba ka bincika ba ne?"

 Gaskiya ne, Katung bai bincika ba. Ya ɗauka mota ɗaya ce a ko'ina. Ya ce, "Ban bincika ba. Laifina ne."

"Sannan ka ɓata lokaci kana nuna mini yadda take gudu a shimfiɗaɗɗen titi. Ni ina na ga irin wannan titi? Daga gidana zuwa kwalta hawa ne da kwana. Ina so in san idan na tsaya a tsakiyar tudu da mutum biyar a ciki, za ta tashi ko za ta koma baya."

"Tana da abin da ke riƙe birki a tudu."

"Ka gwada?"

"Ban gwada ba."

"To."

A nan Katung ya ce shi ma yana da magana. Ya ce a shekarun Appachan, mai giyar kanta ya kamata ya saya, don ya huta da taka kulochi. Tsohon ya ce tun kafin a haifi Katung yake sa giya da hannunsa, ba yanzu wata na'ura za ta zaɓar masa ba. Katung ya ce gwiwar hagu ba ta san wannan ba. Tsohon ya ɗaga murya, Katung bai janye ba. Lissy tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ba ta taɓa jin mijinta da mahaifinta sun haɗa jimla uku a jere ba, ga shi yau suna musu har abinci ya huce.

Asabar ta gaba Katung ya sake karɓar motar. Wannan karon ya cika ta da mutane: Mama Scholastica, Lissy, yaran, da buhun shinkafa a but. Ya nufi Shooters Hill, ya sami wani layi mai hawa, ya tsaya cak a tsakiyarsa, ya ɗauke ƙafa daga birki. Motar ta tsaya, sannan ta tashi ba tare da ta ja baya ba. Ya maimaita. Ya kuma zauna ya nemo bayanan samfurin Indiya ya karanta su a hankali, ya faɗi inda suka bambanta da ta Ingila, da abin da shi ba zai iya gwadawa daga Landan ba, kamar zafin rana a ƙarƙashin rufin gilashi da ruwan damina idan ya cika hanya.

Kurian ya sayi motar. Ya ɗauki mai ƙananan tayoyi, marar rufin gilashi, mai giyar hannu. Mariamma ta aiko da hotonta tana zaune a baya, ƙofa a buɗe, babu kowa kusa da ita. Ta ce a gaishe mata da 'yar'uwarta ta Landan, wato Mama Scholastica.

Abin da Katung bai sani ba shi ne tsohon ya tura bidiyon biyu a zauren hirar waya na 'yan ƙungiyar manoman roba, daga nan suka bazu. Saƙonni suka fara shigowa wayar Lissy daga mutanen da ba ta sani ba. Wani mahaifinsa na da shanyewar ɓarin jiki, yana tambaya ko keken guragu zai shiga but. Wata tana so ta san ko kujerar jariri biyu da kaka za su zauna a baya. Wasu nas-nas 'yan Kerala da ke aiki tare da Lissy, masu son saya wa iyayensu mota a gida, suka roƙi ya duba musu wata jif ɗin daban. Da abin ya yi yawa, sai suka buɗe shafi a intanet. Katung yana magana da Turancinsa na Kaduna, Lissy tana rubuta fassarar Malayalam a ƙasa idan ta dawo daga aiki.

Bai bar gareji ba, shafin ma ba wani babba ba ne. Asabar ɗin da ba ya aiki yakan karɓi mota ɗaya, idan shagon ya yarda. Wasu sukan ƙi da zarar sun gane ba saye zai yi ba. Mama Scholastica na nan a kujerar baya, masu kallo har sun san ta, idan ba ta fito ba sai su tambaya ko lafiya. Kusan kowane bidiyo, sharhin farko a ƙarƙashinsa na Kurian ne, kuma yawanci gyara ne.

Kwanan baya tsohon ya kira wayar Katung kai tsaye, Katung yana hutun cin abincin rana a gareji. Tsohon ya juya kyamara ya nuna masa bayan motar. Bamba ta goge, fenti ya ɗaye, wurin ya ɗan lotsa. Ya ce yana ja da baya ne ya haɗu da ginshiƙin ƙofar gida.

"Zai gyaru ba sai an canja ba?"

Katung ya ce ya matso da wayar, ya danna wurin da yatsa. Katung ya duba da kyau ya ce roba ce, mai gyara zai gasa ta ya turo ta waje, sai fenti.

"To. Kada ka gaya wa Lissy. Za ta ce in daina tuƙi."

"Appachan, idan ta tambaye ni zan faɗa mata."

Tsohon ya ce to shi zai riga shi faɗa mata da kansa. Ya kuma ce a watan Agusta za a yi wa jikar ƙaninsa baftisma, kowa zai zo, Katung ya nemi hutu tun yanzu kafin wasu su riga shi. Katung ya ce zai nema. Da aka kashe wayar ya ƙarasa abincinsa, ya je ofishin shugaban aiki ya nemi hutun, sannan ya koma ƙarƙashin bas ɗin da ya bari da birki a kwance.