Ranar Da Kawu Ya Ƙi Taka Birki

Larabar da ta wuce an yi ruwa da ƙanƙara a nan Gumel. Ina cikin kicin na ji ƙwal-ƙwal a kan kwanon rufi, yara suka fita da kofuna suna tsinta suna ihu. Ni kuwa na saki ludayi na zauna, don ƙarar nan ba ta taɓa zuwar mini ita kaɗai ba, sai da tunanin kawu.

Ina 'yar shekara tara lokacin, a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar. Damina ta yi tsakiya, gero ya fi ni tsawo. Da hantsi inna ta aike ni tsinko yakuwa a bayan gida, na sa ƙafa kusa da wani kututture, kububuwa ta sare ni. Kafin azahar ƙafar ta kumbura har gwiwa, dasashina ya fara fitar da jini.

Allah Ya sa kawu yana garin. Yayan inna ne, direban masu haƙa rijiyoyi. Motarsa tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, direbobi na ce mata fowil. Ba shi da yawan magana, kuma 'yan gari suna masa tsiya wai ko jaki yakan wuce shi a hanya. Ya dubi ƙafar sau ɗaya, ya ce asibitin Gumel za a tafi yanzu. Aka ɗora ni a cinyar inna a gaba, baba ya matsu a jikin ƙofa.

Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo daga gabas. Sai iska, sai ruwa, sai ƙanƙara manya-manya tana dukan gilashi. Kafin ka ce me, hanya ta yi fari kamar an zazzage buhunan gishiri. Gabanmu kuma akwai wani kwari mai laka, wanda ko ba ƙanƙara santsinsa yakan kayar da shanu.

Kawu ya tsayar da mota. Ya lulluɓe kansa da buhu ya fita, ya durƙusa ya murɗa wani abu a tsakiyar kowace tayar gaba, ya ɗan rage musu iska, sannan ya dawo sharkaf ya jawo ƙaramar giya. Ran baba ya ɓaci. Ya ce yarinya na mutuwa, ana wasa da taya. Ai motar fowil ce, a taka ta kawai.

"Malam," in ji kawu, "fowil za ta taimake ni in tafi. Ba za ta taimake ni in tsaya ba."

Muka gangara a hankali, injin yana gurnani. Ina ganin hannayensa a kan sitiyari, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Muna tsakiyar gangaren sai na ji bayan motar ya zame, yana tafiya gefe, wajen wani kududdufi da ya cika ya batse. Inna ta ƙanƙame ni tana salati. Baba ya daki gaban motar.

"Birki, Yaya, birki!"

Kawu bai taka ba. Ya ɗan sassauta ƙafarsa daga totur, ya karkata sitiyari zuwa ɓangaren da bayan motar ya nufa, kaɗan kawai, kamar mai lallashin yaro. Motar ta yi jim, tana jan ciki, sannan ta miƙe. Da muka hau tudu ya ce da baba, ba tare da ya waiwaya ba, da ya taka birkin nan da tayoyin sun kulle, da yanzu mu huɗu muna cikin ruwa.

Ana kiran la'asar muka shiga asibiti. Aka yi mini allurar saran maciji, na kwana shida. Inna ta gaya mini daga baya cewa da aka shiga da ni, kawu ya zauna a ƙasa jikin taya, ya kasa ko riƙe kofin ruwa. Baba ne ya riƙe masa ya sha.

Yanzu kwalta ta kai kusa da ƙauyenmu, samari suna gudu a kanta kamar ana korarsu. Kawu ya tsufa, idanunsa sun yi rauni. Shi ya koya mini tuƙi bayan na fara aikin koyarwa, a filin yashi, ya hana ni hawa titi sai da na yi wata uku. Watan jiya na ɗauko shi zuwa wajen likitan ido. Matarsa ta ja ni gefe ta ce in yi haƙuri da shi, tun da take ba ta taɓa ganin ya saki jiki a motar da wani ke tuƙawa ba.

Ya shiga ya zauna, ya kasa kunne yana sauraren injin. Ban ji ya gyara mini komai ba. Muna dab da shiga gari na dube shi, sai na ga hularsa ta karkace, yana barci.