Malama Mai Usur, Wadda Ta Tayar da Innarmu

Kafin mai gadi ya gama share bakin ƙofar makaranta ta riga ta iso, da takalmin roba, usur rataye a wuya. Sai ta zagaye fili ta tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe, sannan ta leƙa titi ta ga wa ta zo, wa ta maƙale. Aikinta koya wa 'yan mata wasanni. Na safiyar nan kuwa ba wanda ya sa ta. Ita ta roƙi shugabar makaranta a bar matan unguwa su riƙa taka filin kafin ɗalibai su shigo. A watan nan Malama Mai Usur ke ajiye aiki, ni kuwa ba zan iya yin shiru ba.

Innarmu tela ce. A kan keken ɗinki ta tsufa, har ƙafafunta suka kumbura, hawan jini da ciwon suga suka haɗu mata. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi tana tsaka da gwada wa wata riga, mun ɗauka shi ke nan. Likita ya ce magani kaɗai ba zai riƙe ta ba, sai ta motsa jiki. Muka yi lallashi har bakinmu ya bushe.

"Ni da jikoki zan fita ina tsalle kamar 'yar akuya?" in ji ta.

Maƙwabciyarmu ce ta kai wa Malama labari. Washegari sai ga Malama a gidanmu da sallama.

"Yaya, ba tsalle ya kawo ni ba. Raka ni bakin titi, akwai magana."

Inna da son jin labari, ta yafa mayafi. Ba su yi nisa ba ta zube a kan dakali tana haki. Malama ta zauna kusa da ita har numfashinta ya dawo, ta ce sauran maganar sai gobe. Haka ta riƙa jan ta, yau bakin titi, jibi shagon mai faci, har Inna ta tsinci kanta a fili cikin tsaranta, ana tafe ana tsokanar juna.

Mai kayan miyar layinmu ta shaida cewa a filin nan bayanta ya daina riƙewa. Duk wadda Malama ta ga fuskarta ta canja, takan zaunar da ita, ta ce ta koma wurin likita. Ba ta taɓa cewa wata ta bar maganinta ba.

Kwanan baya na raka Inna asibiti. Ta haye matakala ta bar ni a baya. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya rage mata ƙwayoyi. Na fito baranda na zauna, na sauke ajiyar zuciyar da na daɗe ina riƙe da ita.

Malama, ke ce uwa ba da mama. Ke ce kika rage saurinki don wata ta iya bin ki, ba ki taɓa goranta mata ba. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar da kika nema wa iyayen wasu.

Mu kuma, kusan kowa yana da wani a gida da kujera ta riƙe. Faɗa ba ya tayar da shi, mun gwada. Sa takalminka, ka miƙa masa nasa, ku fita tare.